Sunan Kakata a Kan Robar da Ba Tawa Ba

Na tashi a cikin birnin Kano, a gidan da ƙarar taɓarya take riga ladan tashin mutane. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, dakan yaji ce sana'arta, kuma da ita ta aurar da 'ya'ya mata huɗu. Duk wadda ta haihu a unguwarmu daga wurinta ake sayen yajin jego. Masu haɗa garar amarya suna zuwa, maniyyata kuma in tafiya Makka ta matso sai su yi layi a zaure, kowa da gwangwaninsa. Ina da shekara tara ta fara ba ni aikin cire hancin barkono. Ina kuka saboda raɗaɗin da yake yi mini a ido, tana cewa in daure, hannu ne zai saba. A gefenta na koyi yadda ake gane citta mai kyau da ƙamshinta tun ba a karya ta ba, da yawan kimbar da in aka wuce shi yaji zai yi ɗaci, da lokacin da ake zuba ƙuli don kada ya yi mai ya dunƙule.

Iya ba ta yi boko ba, ajami ma kaɗan take iya karantawa. Amma a bayan ƙofar ɗakinta akwai zane-zanen gawayi a jikin bango. Kowace mai karɓar bashi tana da layinta. In ta karɓi gwangwani ɗaya sai Iya ta ja zane ɗaya a gaban idonta, in ta biya sai ta miƙa mata tsumma ta goge da hannunta. Muna yara muna ɗaukar abin kamar wasa.

Bayan rasuwarta sana'ar ta mutu a gidan. Ni na yi karatu har NCE, na yi aure, na koyar a wata makarantar kuɗi da albashin da ba ya kai ni tsakiyar wata. A 2015 na ɗauko turmin Iya daga ɗakin ajiya na fara daka kaɗan ina kai wa malaman da muke aiki tare. Daga nan na sa hoto a WhatsApp da Facebook. Na sa wa yajin sunan da 'yan unguwa suke kiran Iya da shi, wani laƙabi ne da duk wanda ya tashi a wajenmu ya san shi. Cikin shekara ɗaya abin da nake samu a yaji ya ninka albashina, sai na ajiye koyarwa.

A nan ne Yaya ya shigo. Ɗan Baffana ne, wan mahaifina ne ya haife shi, gida ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muka ci. Shi ya raka ni makaranta ranar farko, shi ya riƙe mini akwati ranar da aka kai ni gidan miji. Ya taɓa aikin banki, ya san ofis-ofis, ya iya magana da manya. Wata rana ya zo ya tarar da ni a tsakar gida, fuska ɗaure da ɗankwali, ina tankaɗe. Ya ce, "Ƙanwata, wannan abin ya wuce turmi. Ki bari in sa kuɗi mu sayi inji, mu kama wuri, ke ki riƙe haɗi ni in riƙe kasuwa da takardu. Abin da Allah ya kawo namu ne."

Na ji daɗi har na kasa barci. Muka je zauren Baffa, ya sa mana albarka, aka shafa fatiha. Iyakar yarjejeniyarmu ke nan. Ba mu ce kashi nawa ne na wane ba. Ba mu ce kuɗin da ya sa jari ne ko rance ba. Ba mu ce sunan na waye ba, don a raina tambayar ma ba ta da wurin zama: kakarmu ce mu biyu, amma ni na gaji hannunta.

Maigidana ne kaɗai ya yi magana. Da daddare ya ce, "Da kun samu takarda ko guda ɗaya ce kun rubuta, kun sa shaidu." Na ji haushinsa ƙwarai. Na ce masa Yaya ne fa, ba wani bare ba, in na kai masa takarda ai na ce masa ɓarawo ke nan. Ya yi shiru bai sake tayar da maganar ba. Har yau in na tuna irin muryar da na amsa masa da ita sai in ji nauyi.

A 2017 Yaya ya yi mana rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Rajistar sunan kasuwanci ce, da sunana da nasa a matsayin masu shi. Ya kawo mini takardar na sa ta a gilashi na rataye. A tunanina na gama da hukuma har abada, sunan ya zama namu, ba mai taɓa shi. Aka buɗe asusun banki da sunan kasuwancin. Da aka zo maganar wanda zai riƙa sa hannu, na ce ya riƙe shi kaɗai, ni ga goyo ga aiki, ba ni da lokacin zaryar banki.

Allah ya sa wa abin albarka. Muka kama shago biyu a jere, ɗaya na niƙa ɗaya na zubawa a roba. Na ɗauki 'yan mata uku. Muka kai kaya bajekolin da ake yi a Zoo Road ƙarshen shekara, robobin da muka ɗauka na kwana goma suka ƙare a kwana huɗu. A can wani mai babban kanti ya ɗanɗana ya ce yana so, amma ba zai ɗora a kantarsa ba sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Gaskiyarsa ce, duk abincin da aka sarrafa aka zuba a mazubi don sayarwa sai da rajistar hukumar. Yaya ya ce in bar masa.

Ranar da zan ba da labarinta yanzu ba ta fi minti biyar ba. Da hantsi ne, injin yana ta ƙara, hannuna ja wur da barkono har gwiwa. Yaya ya tsaya da mota a bakin shago bai ma kashe ta ba, ya aiko yarinya ta kira ni. Na leƙa ta taga. Ya ɗora wasu takardu a kan sitiyari, ya naɗe na sama yadda gindin kawai nake gani, ya ce, "Sa hannu nan, da nan, da nan. Na NAFDAC ne, ina sauri kada a tashi." Na goge hannu a zanina, na karɓi biro na sa. Har da tabon barkono a gefen takarda ta biyu, muka yi dariya. Na iya karatu, Turanci nake koyarwa kafin in bar aji. Ban karanta ko layi ɗaya ba.

Bayan wasu watanni lamba ta fito, aka buga sabuwar sitika. Na lura an ƙara kalmar Limited a ƙarshen sunan a wurin da ake rubuta wanda ya sarrafa kaya. Na tambaya, ya ce haka hukuma take so. Na ce to.

Shekarar 2019 ita ce mafi kyau da na taɓa gani. Kayanmu sun shiga Kaduna da Abuja, direbobi suna kai wa masu saro a Maraɗi. Duk wata Yaya yana turo mini kuɗi, wani watan da yawa wani kaɗan, yana cewa rabona ne. Ban taɓa ganin bayanin asusu ba, ban taɓa tambaya ba. Na yi wa mahaifiyata gyaran ɗaki, na sayi sarƙar gwal.

Sai 2020. Azumi shi ne lokacin da kasuwarmu ta fi ci, don haka tun kafin ya kama Yaya ya ɗauko kaya masu yawa bashi daga wani dillali a Dawanau: barkono, citta, gyaɗa, kanumfari. Ni dai na ga buhuna sun cika shago na yi murna, na ɗauka da kuɗinmu aka saya. A watan Afrilu aka kulle Kano saboda korona, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, azumi ya kama mutane suna cikin gida. Masu kantunan da muka ba kaya suka daina ɗaukar waya. Damina ta shigo, rufin shago ya yi yoyo, barkono fiye da rabi ya yi fumfuna muka zubar. Daga baya ne na ji cewa kuɗin da ya kamata a rage wa dillalin da su, Yaya ya karkatar da su zuwa wata harkar shinkafa da ya shiga shi kaɗai, ita ma ta nutse.

Farkon 2021, wata Talata, ina cikin awo sai ga dillalin da mutum biyu. Suka tambayi Yaya, na ce ya yi tafiya. Suka kira wayarsa tana kashe. Ɗaya ya nuna takardar da ke rataye a gilashi ya ce, "Wannan ba sunanki ba ne?" Na ce nawa ne. Ya ce to in zo mu je ofis, an shigar da ƙorafin zamba cikin aminci.

Ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba sai ranar. Aka zaunar da ni a benci bayan kanta, aka karɓi wayata. Autana yana da wata bakwai, na bar shi wurin 'yan matan shago, nono ya cika yana zuba har ya jiƙa hijabina, ina ta jan sa ina rufewa. Dillalin yana tsaye yana faɗin adadin kuɗin, naira miliyan huɗu da 'yan kai, ni kuwa ranar na fara jin lambar. Ba na ganin laifinsa. Dukiyarsa ce, shi ma ta wasu ya ɗauko, kuma an yi wata tara ana yi masa gobe-jibi. Abin da ya fi ci mini rai a wurin shi ne 'yan unguwa da suka ga an tafi da ni. Jikar Iya a bayan kanta.

Bayan la'asar maigidana ya zo da wata lauya, matar abokin aikinsa. Ta nemi ganin ƙorafin, ta karanta a tsanake, ta ce wannan ciniki ne aka yi, kaya aka bayar bashi da rasit, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 a sashe na 32 ta ce ba a kama mutum don kawai saɓa alƙawarin ciniki ko wani lamari na tsakanin mutum da mutum. Aka yi magana mai tsawo, aka ba da belina kafin isha, da sharaɗin za mu zauna da mai kaya. A mota na ce, "Barista, Allah ya saka da alheri, tunda ba ni na ci bashin ba ai shi ke nan." Ta juyo ta dube ni ta ce, "Hajiya, na ce ba laifin kamu ba ne. Ban ce ba a bin ki ba. Ki zo ofis gobe da duk takardar da kike da ita."

Takardar da nake da ita ɗaya ce, ta gilashi. Na cire ta na kai.

Zaman da na yi da ita ranar ya fi mini karatun shekara uku. Ta ce rajistar sunan kasuwanci ba ta raba mutum da kasuwancinsa. Suna ne kawai aka rubuta a littafin hukuma, amma a idon doka ni ce kasuwancin, kasuwancin ni ne. Tunda mu biyu ne a takardar, abokan tarayya muke, kuma bashin da ɗaya ya ci da sunan kasuwancin a harkar da aka saba yi yana hawa kan kowa, ko ya sani ko bai sani ba. Mai bin bashi yana iya bin dukiyata ta kaina, gwal ɗina, filin gadona. Kamfani mai Limited shi ne wanda doka take ɗauka kamar wani mutum daban, yana da dukiyarsa da bashinsa, masu hannun jari kuma asararsu tana tsayawa a abin da suka zuba, sai dai in sun tsaya wa bashin da kansu ko sun yi maguɗi.

Sai na ce ai muna da Limited, ga shi a jikin sitika. Na ciro roba ɗaya daga jaka. Ta juya ta, ta daɗe tana kallo, ta ce in ba ta mako ɗaya ta yi bincike.

Da na koma, takardu ne a gabanta. Kamfanin yana nan, an yi rajistarsa a 2018. A lokacin doka tana buƙatar aƙalla mutum biyu kafin a kafa kamfani. Mutum biyun su ne Yaya da matarsa. Babu sunana ko a matsayin mai shara. Tambarin yajin, wato sunan Iya da hoton turmin da ni na zana da fensir, an yi rajistarsa a ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja, da sunan kamfanin. Ta bayyana mini cewa rajistar CAC daban, rajistar tambari daban. Ta farko ba ta ba ka mallakar sunan da ke jikin kayanka. Kuma da yake NAFDAC tana neman shaidar rajistar tambari kafin ta ba da lamba, ita ma lambar da sunan kamfanin ta fito. Wato bashi yana kan takardar da nake ciki, dukiya tana kan takardar da ba na ciki.

Na ce ta yaya hukuma za ta ba shi sunan da muka riga muka yi rajista da shi tare? Ta zaro wata takarda ta miƙo mini. Wasiƙa ce, masu sunan kasuwancin sun amince a yi amfani da sunan wajen kafa kamfani. Ga sa hannuna a ƙasa. Ga tabon barkono a gefe.

Ban yi kuka a wurin ba. Na dai ji kunnuwana sun toshe, na ga bakinta yana motsi. Da na dawo hayyacina tana cewa akwai hanyar shari'a. Za a iya neman a soke rajistar tambarin, a kawo shaidar cewa ni na fara amfani da sunan tun 2015, hotunan Facebook ma suna da kwanan wata. Amma maganar tambari da ta kamfani a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, ba gaban alƙalin unguwa ba. Za ta ci kuɗi, za ta iya ɗaukar shekaru, wannan sa hannun nawa kuma shi lauyansa zai fara ɗagawa sama. Ta ce in na ce a shiga za ta tsaya mini, amma in je in yi shawara da gida.

Gida kuwa ya riga ya rabu biyu. Mahaifina ya rasu, Baffa ne uba. Gwaggonnina suna zuwa ɗaya bayan ɗaya: ki rufa asiri, kada ki kai ɗan'uwanki kotu, me za a ce da zuri'ar Iya. Ba wadda ta tambaye ni yadda na kwana a ranar da na dawo daga bayan kanta. Mahaifiyata ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba, sai dai in tarar da ita a kan sallaya tana hawaye. Jinina ya hau, aka ɗora ni a kan magani wanda har yau nake sha. Wata biyu ban shiga shago ba. Ƙamshin citta kansa tayar mini da zuciya yake yi.

Da Yaya ya dawo, Baffa ya tara mu, ya kira limamin masallacinmu, ni kuma na ce sai Barista ta zauna. An so a hana, maigidana ya ce in babu ita babu mu. Wannan karon ban musa masa ba.

Malam ya fara da tambaya ɗaya: wane irin haɗi kuka yi? Ƙiradi ne, ɗaya ya ba da dukiya ɗaya ya yi aiki, riba a raba bisa kason da aka ambata, asarar dukiya kuma ta hau kan mai dukiya muddin mai aiki bai yi sakaci ba? Ko kuwa tarayya ce, kowa da hannunsa a jari? Yaya ya ce shi ya sa kuɗi, don haka kasuwancin nasa ne, abin da yake turo mini ladan aiki ne da ihsani. Na ce ni na zo da sana'a da suna da masu saye, shi ya same ni a kai. Malam ya ce wa ya ji lokacin da kuka ƙulla? Muka dubi Baffa. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce shi dai fatiha ya shafa.

Abin da ban zata ba shi ne, Yaya ya yarda da maganarsa har zuciya. Ina kallon idonsa, ba idon mai ƙarya ba ne. Shekara huɗu muna aiki tare, kowa da labarin da yake ba kansa. Wannan bai wanke naɗe takardar da ya yi a kan sitiyari ba, kuma na faɗa masa haka a gaban mahaifinsa. Bai amsa ba.

Malam ya karanto aya ta 282 a Suratul Baƙara, ya ce ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ga mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Yana magana ni kuwa bangon ɗakin Iya nake gani, da tsumman da take miƙa wa mai biya. Matan da take ja wa zane ƙawayenta ne, wasu tare aka yi musu kitson aure.

Aka yi zama uku. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa Yaya zai ɗauki kashi biyu cikin uku na bashin, ni ɗaya. Injin niƙa nawa, injin liƙe roba nasa. Za a rufe tsohon sunan kasuwancin a hukumance don kada wani bashi ya sake hawa kaina. Kamfani da tambari da lamba suna wurinsa. Barista ta rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu huɗu, dillalin ma ya sa a kan jadawalin biyansa. Na karanta takardar sau uku kafin in taɓa biro, ɗakin ya yi tsit ana jirana.

Mutane suna tambayata me ya sa na bar sunan. Wasu ranakun ina ganin na yi daidai: ba ni da kuɗin shari'a, ba ni da lafiyarta, Baffa kuma ya tsufa, ban so ya bar duniya 'ya'yansa suna gaban alƙali. Wasu ranakun kuma ina ganin tsoro ne kawai na sa masa rigar zumunci. Ban gama yanke wa kaina hukunci ba.

Na sayar da sarƙar da 'yan kunne, na sayar da rabona na wani fili da muka gada. Ragowar na biya wata-wata, duk biya da rasit. Ranar da na kai na ƙarshe dillalin ya ce, "Hajiya, ki yafe mini abin da ya faru." Na ce babu komai tsakaninmu. Har yau a wurinsa nake sayen barkono.

A 2022 na sake farawa daga tsakar gida. Wannan karon da ofishin Barista na fara kafin kasuwa. Ta ce dokar kamfanoni da aka sa wa hannu a watan Agustan 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, ba sai ya nemo wani ya cike gurbi ba. Haka na yi. Kafin in buga sitika ko ɗaya aka bincika sabon sunan a rajistar tambura, aka shigar da shi a rukuni na 30 inda kayan yaji suke. Na koyi cewa ana buga shi a mujallar ofishin don mai ƙorafi ya fito, kuma rajistar farko shekara bakwai take yi kafin a sabunta. Na rubuta shekarar a bangon littafina. Na karɓi lambar haraji. Na koyi cewa ko da yake dokar wancan lokacin ta yafe wa kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba harajin riba, wajibi ne ya shigar da bayanansa, haka ma rahoton shekara-shekara na CAC. Shagon da na kama da takardar haya na kama shi, an rubuta wanda gyaran rufi yake kansa. Neman lambar NAFDAC da ƙafata na yi shi, ni na tari masu duba wuri, ni na kai 'yan matana gwajin lafiya.

Ba a dawo da sauƙi ba. Sabon suna ba wanda ya san shi, sai da na bi tsofaffin masu saye ɗaya-ɗaya ina cewa ni ce. Farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun naira, a tsakiyar shekarar aka cire tallafin mai, cuta kuma ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna har farashinta ya fi ƙarfin irinmu. Sau biyu na yi niyyar rufewa. Yanzu muna mu shida a shago, ban kai inda nake a 2019 ba, amma na san abin da ke cikin asusuna zuwa kwabo.

Bara ƙanwata, wadda muke ciki ɗaya, ta ce tana so ta sa kuɗin adashinta a wurina. Na ce to, mu je wurin Barista. Fuskarta ta canza, ta ce, "Yaya, ni ce fa." Na ji kalmar ta doke ni a ƙirji, don na san bakin da ya taɓa faɗin irinta. Na riƙe hannunta na ce saboda ke ce. Ta yi fushi na kwana biyu, rana ta uku ta zo da mijinta. Shafi biyu ne: nawa ta sa, kashi nawa take da shi a riba, me zai faru in an yi asara, yadda za ta fita in ta so fita, da abin da za a ba magadan wadda ta riga rasuwa a cikinmu. Da aka zo wannan layin na ƙarshe mu duka muka yi hawaye, sannan muka sa hannu.

Ni da Yaya muna gaisawa a wurin biki da ta'aziyya. Ranar rasuwar Baffa tare muka karɓi gaisuwa. Yana ce mini ƙanwata, ina ce masa Yaya, ba ma wuce nan.

Watan jiya na shiga wani kanti da 'yata ta fari. Ta tsaya a layin kayan miya ta ɗauko wata roba ta ce, "Umma, ga yajin Iya." Sunan yana nan, turmin da na zana yana nan, an dai canza launin murfin. Namu yana can ƙasa, kanta biyu tsakani. Na karɓa na juya ta a hannuna, na sa a kwando na biya kuɗinta. Da muka dawo gida na buɗe, na lakata da yatsa na sa a harshe. Kimba ta yi yawa. Na ɗauki waya har na nemo lambarsa don in ce masa a rage, na daɗe ina kallon ta, sai aka kira magariba na ajiye na tafi alwala.